Salular da Ma'u Ya Ba da Aro

Duk wanda ya taɓa kiwon ko da akuya ɗaya ce tsakanin Dakoro da Kwarin Tarka ya san Ma'u mai allura. Ba likita ba ne, ko da yake makiyaya Likita suke ce masa, shi kuma tuni ya gaji da gyara musu. Karatun lakwal ɗinsa, wato boko, bai yi nisa ba. Shekarar wani fari da ya cinye shanun ubansa aka ɗebi matasa aka koya musu allurar dabbobi, aka ba kowa jaka da sirinji. Sauran duk sun watse, wani ya yi Libiya, wani ya koma sayar da fetur a kwalba. Ma'u ne ya dage, har furfura ta fito masa yana bisa moto, wato babur.

Jarinsa ba jakar ba ce, ba kuma moton ba. Jarinsa shi ne abin da ake faɗa a kansa a bakin rijiyoyi, cewa Ma'u ba ya manta mutum. Makiyayi ba ya kira ya ce zo ka duba mini. In ya matsu ƙwarai sai ya yi bip, wato ya bar waya ta yi ƙara sau ɗaya ya kashe, ya zauna jira. Akwai ma waɗanda ko bip ɗin nauyi yake yi musu. In ka ce za ka neme su lokaci kaza, to sun riƙe, ba kuma za su tuna maka ba ko da garke zai ƙare. In ba ka nema ba, ba mai yi maka ƙorafi. Za a gaishe ka da fara'a a kasuwa, a tambayi iyali, amma an riga an fitar da kai daga rai. Ma'u ya san wannan sarai, da tsoronsa yake kwana yake tashi.

Cikin masu jin nauyin nan babu kamar Aisa, matar marigayi Abdulhakim, mutumin da ya fara yarda Ma'u ya soka wa saniyarsa allura tun ana cewa allurar ce ke sa ɓari. Da Abdulhakim ya rasu aka raba shanu, Aisa ta tashi da ƴan awaki, da nononsu take ciyar da jikoki biyu da aka bar mata. Tana bin ayarin danginta, yau nan gobe can. Tana da wata ƙaramar salula da surukinta ya ba ta, amma ba ta taɓa yi wa Ma'u bip ba, domin a wurinta abokin miji ba wanda ake tasowa ba ne. Shi ke kira. Kowace shekara in rigakafin awaki ya iso da sanyi, sai ya buga mata ya ji inda suka sauka, ya hau moto ya je.

Duk mutanen nan a cikin wata tsohuwar salula mai tocila suke, wadda ya ɗaure da robar tayar keke don kada batir ya fita. Ta cika maƙil. In zai sa sabon suna sai ya nemi wanda ya mutu ya share, abin da kullum ke tsaya masa a rai. Ranakun aiki kuwa a ka yake riƙe su, ga shi kan ya fara gardama. Wata rana ya haɗa ruwan rigakafi ya je wani zango gabas da Korahane, ya tarar ba ranar ba ce, dabbobi duk sun tafi kiwo, maganin da ba ya kwana ya lalace a hannunsa. Ba a jima ba salular ta zame daga aljihu ta faɗa kwamin shayar da shanu. Ya tsamo ta, ya shanya a rana, da ƙyar ta farfaɗo. Matarsa Rahinatu ta ce ko lokacin da ɗansu ya yi ƙyanda ba ta ga ya rame haka ba. Wasa take yi, amma bai yi dariya ba.

Depon da yake ɗaukar magani na wata likitar dabbobi ce, Dokta Munira, mace mai zafin nama da ƙarancin magana. A kan teburinta akwai ordinata, wato kwamfuta, da ta ba ta wahala shekara da shekaru, yau birus daga kilen wani, ɗan filashin nan da ake soka mata, gobe ta tsaya wai sai an biya lasisi. Ran da haƙurinta ya ƙare ta goge komai ta zuba Linuks, irin manhajar nan da ba ta kowa ba ce, kyauta ake ɗauka, wanda ya iya kuma yana buɗe cikinta ya gyara. Tun daga nan ta samu lafiya. Dokta ce ta ce wa Ma'u ya nemi babbar waya, ta haɗa masa ita da ordinatar, ta yadda duk sunan da ya rubuta da duk ranar da ya sa a kalanda za su hau kan na'urar da zarar ya shigo depo wayar ta kama wifi. Ba sai ya sa kiredi ba, sunayen kuma ba za su bi ta hannun wani kamfani a wata ƙasa ba. Ta dai gargaɗe shi cewa ba kowace waya ke yarda da wannan ba, kada ya biya sai an gwada.

Nan fa wahala ta fara. Zaharaddini mai shagon salula a bakin tasha ya ga babban ciniki ya shigo, ya baje masa kaya a kan gilashi, ya ɗauko wata mai idanu uku a baya.

"Baba Ma'u, wagga ita ta yayi. In ka ɗauki hoton sa, har ƙudan da ke bisa hancinai sai ka gani."

"Ni ba hoto na zo saye ba, ɗana. Wadda ka jin maganar ordinatar Dokta nika so."

Zaharaddini ya rantse duk suna ji, alhali ko tambayar bai gane ba. Ba don mugunta ba ne, tunda ya buɗe shagon ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya wuce girman hoto da ƙarar waƙa. Da ƙyar ya yarda Ma'u ya riƙa ɗaukar waya ɗaya ɗaya yana kai wa depo gwaji, shi ma don uban Zaharaddini na da tumaki ne, Ma'u ke duba su. Haka dattijo ya dinga safa da marwa tsakanin tasha da depo da kwali a hammata, masu shayi suna tsokanarsa wai ko lefe yake haɗawa.

Ta farko ta ƙi buɗewa sai an ba ta adireshi da kalmar sirri, ta nace sunayen nan sai dai a ajiye su a wurin masu ita. Dokta Munira ta taɓe baki ta mayar da ita kwali. Ta biyu ta karɓi ƴar manhajar da ke haɗa waya da ordinata, sunan gwaji ya hau, kowa ya yi murna, amma da aka ajiye ta ta yi barci sai ta kashe manhajar da kanta wai tattalin batir, ba ta sake aika komai ba. Wata ta yi duk abin da ake so, sai dai gurbin pus, wato katin layi, ɗaya gare ta, shi kuwa Ma'u ba ya tafiya sai da biyu, domin rezon, wato sabis ɗin waya, da ke kamawa a Adjekoria ba shi ke kamawa a Azagor ba. Wata kuma da ya fita da ita tsakar rana bai ga komai a fuskarta ba sai gemunsa. Abin ya fara isarsa. Ya ce da Rahinatu shi kam da ya sani da ya nemi wata mai tocilar ya huta, ta ce ai bai makara ba. Amma ya tuna kwamin shanu, ya koma shagon Zaharaddini.

A ƙarshe wadda ta ci gwajin wata baƙa ce mai kauri, marar kyan gani, da ta daɗe a ƙasan gilashi ba mai tayawa. Batirinta na jure daji, tana ɗaukar pus biyu, kuma tana barin manhajar ta yi aikinta. Zaharaddini ya karɓi tsohuwar a cikin ciniki, bayan Dokta ta kwashe abin da ke ciki kaf ta zuba a sabuwar. Ma'u ya tsaya a bayanta yana kallon sunayen mutanensa suna jeruwa a kan ordinata, na Aisa na can kusa da sama, ga kuma kalanda da aka cika da alkawuran da ya karanto mata daga ka. Ta yi masa bayani cewa daga yau abin da ke cikin waya shi ke cikin ordinata, abin da ke cikin ordinata shi ke cikin waya. Ya gyaɗa kai. A ransa ya ɗauka ya samu rumbu ne: ka zuba hatsi ka rufe, ko buhun da ke hannunka ya yage, na rumbu na nan.

Damina ta wuce lafiya. Wayar na yi masa ƙara da safe ta gaya masa inda za shi, bai sake kuskuren rana ba. Da aka kawar da amfanin gona makiyaya suka fara gangarowa, ya haɗu da ayarin su Aisa a hanya, ya leƙa awakinta, ya ga wasu da ciki. Ya ce mata bana ana jin labarin ciwon zawo da majina a kudu, kada ta yarda ta haɗa su da baƙin awaki, da zarar rigakafi ya iso zai kira. Ta ce Allah ya kai mu, ta ba shi nono a ƙwarya. A gabanta ya sa sunanta a kalanda, yana ɗan jin kansa.

Sai Jimrau ya zo. Jimrau dattijon Bafillace ne daga wajen Azagor, kuma ba mutumin da Ma'u zai iya ce wa a'a ba ne. Shekarar da Ma'u ba shi da ko kaza, Jimrau ne ya ɗaure masa karsana habbanaye, wato aron saniya har ta haihu ka riƙe ƴaƴan ka mayar da uwar. Shanun da Ma'u ke da su yau jikokin wannan karsana ne. Jimrau ya sauka gidan da hantsi, aka shimfiɗa tabarma, aka sha fura, aka yi zancen ciyawa da farashin dusa. Can cikin hira, kamar ba komai ba, ya ambata cewa zai kai matarsa asibitin Maradi, kuma salularsa ta faɗa rijiya, ga yara can da shanu ba yadda za a ji juna. Bai roƙi komai ba. Irinsu ba sa roƙo, sai dai su ajiye maganar kusa da kai.

Ma'u ya ji abin da ake nufi. Da tsohuwar na nan da sauƙi. Ta Rahinatu kuwa ba ta riƙe wuta, kuma ba a miƙa wa mutum kamar Jimrau abin da ya fi lalacewa a gida alhali ya ga mai kyau a hannunka. Ya zaro pus ɗinsa biyu daga sabuwar wayar, ya sa wanda Jimrau ya sabunta, ya miƙa da hannu biyu. Jimrau ya jujjuya ta, ya shafa fuskarta, sunaye suka yi ta gudu ba iyaka. Bai iya karatu ba, a tsohuwar wayarsa da ƙirga layi yake gane lambar ɗansa. Ya yi murmushi ya ce wannan garke ya fi ƙarfinsa.

To, a gidan su Ma'u ba a ba da aron ƙwarya da sauran tuwo a ciki, sai an wanke. Ya karɓi wayar, ya zaɓi sunayen gaba ɗaya ya share, ya shiga kalanda ita ma ya share don kada ta riƙa yi wa dattijo ƙara a asibiti, ya goge jerin kiraye-kiraye. Ya sa masa lambobin ƴaƴansa da na surukansa, ƴan kaɗan, a jere yadda zai gane. Lokacin da wayar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce a ransa ai na rumbu na nan. Washegari ya je depo ya duba, ga su nan kuwa cif, ko ɗaya bai ɓata ba. Duk tsawon zaman Jimrau a Maradi, daga kan ordinata yake karanto lamba ya buga da ta Rahinatu, har yana yaba wa kansa dabara.

Jimrau ya dawo da matarsa ta samu sauƙi, ya kawo wayar a naɗe cikin ƙyalle, da ɗan man shanu na godiya. Ranar Dokta Munira ba ta nan, ta tafi Maradi ɗauko rigakafin awaki. Ma'u ya ga abin ya zo daidai. Ya buɗe depo, ya kunna ordinata, ya ajiye wayar kusa da ita don ta sha ta ƙoshi kafin Dokta ta iso. Wayar ta kama wifi. Yana tsaye yana kallo sunayen da ke kan ordinata suka ɗan motsa, sannan suka ɓace. Ba a hankali ba, gaba ɗaya. Kalanda ta koma fara fat. Abin da ya rage a kan allon ƴaƴan Jimrau ne da surukansa, sun hau sun zauna. Na'urar ba ta yi kuskure ba. Waya ta gaya mata mai gida ya share waɗannan, ita kuma ta bi.

Ya kashe ya kunna. Ya zare wayar wuta daga bango ya mayar. Ya zauna a kan kwalin magani. Da Dokta ta iso da akwatunan ƙanƙara ta ji abin da ya faru, ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta zauna ta yi ta bincike har la'asar. Ta ce laifinta ne, ta yi niyyar sayen abin da za ta riƙa ajiye kwafi a gefe, aiki ya sha kanta. Ya ruga wurin Zaharaddini, ya tarar an wanke tsohuwar an sayar wa wani baƙo tun da damina. Jimrau kuwa har yau bai san komai ba, Ma'u ya hana a gaya masa.

Rigakafi ba ya jira, firijin depo kuma ba a ba shi amana in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Ma'u ya shiga tattara mutanensa daga farko. Masu bip sun yi bip, lambobi tsirara ba suna, ya bi su ɗaya ɗaya yana cewa wa ke magana, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, yana jin yadda murya ke sauyawa a ɗaya gefen. Wasu ya tsince su a kasuwa, wasu ta hannun ƴan'uwa. Aisa ce ba ta samu ba. Danginta ba na Jimrau ba ne, ba wanda ke da lambarta. Wani dillali ya ce ya gan su kudu da Adjekoria, wani ya ce a'a, sun yi yamma, wani ya ce sun tsallaka Najeriya. Ma'u ya bi duka. Ya ƙona mai, ya fasa taya, ya isa wani zango ya tarar da toka da kashin awaki da ya bushe. Duk lambar da bai sani ba da ta shigo sai ya yi wuf ya kira, ko da ya san sarai ba za ta zama ita ba. Abinci ya daina shiga masa. Aka rufe rigakafin bana sunanta na cikin bakinsa.

Sai da zafi ya kama sosai ya gan ta, ranar kasuwar Dakoro, ba a wurin masu nono ba, a layin masu fata. Tana zaune da fatun awaki a gabanta, har da na ƴan ƙanana, irin waɗanda ake yankawa da gaggawa kafin rai ya fita. Ya ƙarasa ya durƙusa. Ta gaishe shi da fara'a, ta tambayi Rahinatu, ta tambayi yara da sunayensu, ta tambayi gajiya. Ya fara ba ta labarin waya da ordinata, ya ji maganar ba ta da kai ko a kunnensa, ya tsaya.

"Ba komi, Likita," in ji ta. "Na san aiki ya yi maka yawa. Mutane da shanu na jiran ka, balle mai ƴan awaki."

Ya rantse mata ba haka ba ne. Ya tambaye ta, don Allah, da awakin suka fara ciwo me ya hana ta taɓa shi ko da bip ɗaya.

"Na ɗauki salular, sai na ji nauyi. Na ce tunda ka ce ka kira, kana kira. Kowace kasuwa ina ba da ita a sa mata wuta, kada ka buga ka iske ta kashe."

Ma'u ya sunkuyar da kai. Sannan ya zaro baƙar wayar, ya ce ta ba shi lambar yanzu, a gabanta zai rubuta ta a waya, ya rubuta a takarda, ya haddace. Aisa ta gyara fatun da ke gabanta, ta daidaita gefensu.

"Ai na saida salular, Likita. Ba mai kira na sai kai."